Shekarar da Na Nemi Yi wa Karena Inshora

Shekarun baya, a ɗaya daga cikin shekarun farin nan da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, ina zaune a ƙauyenmu ta wajen Kurawa, ƙasar Sabon Birni, ni da mahaifiyata. Dukiyar da ta rage mana 'yan awaki ne, sai wani jan kare mai yankakken kunne da ke tsaron su. Ba ya shiga gida. Wurinsa gindin aduwar da ke bayan katanga, kusa da turakun awakin. Amma a shekarar, da dila da ɓarayin dabbobi suka yi yawa, shi ne dalilin da muke iya runtsawa.

Wata ranar kasuwar Isa na tarar da wani mutum daga Sakkwato ya kafa tebur a bakin kara, wurin cinikin shanu, yana yi wa masu shanu bayanin inshorar dabbobi. Na tsaya ina saurare. Ni ba sa, ba saniya, amma ina da baki. Na ce, "Malam, to kare fa?"

Wurin ya ɗauki dariya. Shi ma ya yi tasa, sannan ya share ido ya ce ai akwai ta, sai dai ta karnukan birni ce. Ya ce akwai wadda ke ɗaukar magani idan kare ya yi ciwo ko ya ji rauni, akwai kuma wadda ke tsaya wa mai kare idan karensa ya ciji wani. Ciwon da kare ya shigo da shi tun kafin a rubuta shi, wannan ba ruwansu. Sai ya juyo da tambayoyi.

"Shekarunsa nawa?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Wane iri ne?"

Na ce, "Irin kare."

Aka sake fashewa. Ya ce, "Katin rigakafi fa, shina da shi? Ko a birni, in ba kati ba magana."

Na bar wurin kunnena na zafi. Ban zame ko'ina ba sai ofishin dabbobi, inda abokina da muka yi firamare tare yake aiki. Na faɗa masa za ni yi wa karena kati, in kai wa mutumin nan ya gani. Ya dube ni ya ce, "Mutumina, ko kati goma ka kai ba su ɗaukar wanga kare naka. Amma allurar ka yi ta, ita ce mai amfani." Bayan kwana uku ya zo kan babur da filas na ƙanƙara, na danne karen, ya tsira masa allura, ya rubuta kati ya buga hatimi. Yana haɗa kayansa ya ce in kare ya taɓa cizon wani a gabana, kafin komai a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a yi ta wankewa. Na ce to, hankalina na kan katin.

Kasuwa ta zagayo na koma Isa da katina a aljihu. Ba tebur, ba mutum. Ban sake ganinsa ba har yau. Da na dawo na ba mahaifiyata labari, ta ce, "To, an yi wa kare takarda. Saura a sa shi makaranta."

Bazara ta shigo da zafin da ban taɓa gani ba. Gulbi ya ƙafe, rijiyoyi sai an kwana a layi, makiyaya suka yi kudu suka bar mushe a kan hanya. Suka bar karnuka kuma, waɗanda yunwa ta hana su bin garke. Sai aka fara jin labarin mahaukacin kare ta wajen Gatawa. Muka ji, muka ce Allah ya kiyaye, muka ci gaba da harkarmu.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Ina zuba wa awaki busasshen kara sai na ga sun taru gefe guda suna jan igiya. Na waiwaya. Wani baƙin kare ne, ƙashi da fata, yana tahowa yana tangaɗi kamar ƙafafunsa na baya ba nasa ba. Bakinsa a buɗe, yawu na dalala har ƙirji. Bai yi haushi ba. Wannan shirun ne ya fi tsorata ni. Kuma ba awakin yake kallo ba, ni yake kallo.

Kafin in yi ihu, karena ya fito daga gindin aduwa ya tare shi. Suka sarƙe, ƙura ta tashi, ba ka gane ja daga baƙi. Ni kuma, da wayona, na sa hannu za ni janye nawa ta ƙafar baya. Sai na ji kamar an caka mini ƙusa a bayan hannu. Na fizge, jini na zuba.

Maƙwabta suka fito da sanduna da taɓare suka gama da baƙin karen. A nan muka ji cewa kafin ya iso wurinmu ya ciji jakin maƙwabcinmu a hanci. Wani ya ce a ƙona gashin karen a shafa mini. Ni dai maganar abokina ce ta faɗo mini. Na ce, "Inna, sabulu." Mahaifiyata ba ta tambayi dalili ba. Ta jawo ni bakin randa, ruwan da za mu sha na yinin nan kaf, tana zubawa da moɗa ina cuɗawa, bakinta na motsi da addu'a, har moɗar ta fara karto ƙasan randa.

Ina fitowa na tarar an kewaye karena. Yana kwance yana lasar raunin kafaɗarsa, mutane na cewa a haɗa da shi, ai ya riga ya ɗauka. Ban ga laifinsu ba, kowa na da yara. Na ruga na ɗauko katin na miƙa wa mai gari. Na ce, "Ranka shi daɗe, an yi mai allura. A bari malamin dabbobi shi zo shi gani." Ya juya katin, ya daɗe yana duban hatimin, sannan ya ce a ɗaure shi da sarƙa, kada kowa ya matsa kusa, in ya canza ko kaɗan a kashe shi, ba sai an sake tambayarsa ba.

Na naɗe hannu na hau mota zuwa Isa. Ina shiga na fara ba abokina labarin yadda kati ya ceci kare, har da ɗan alfahari. Bai yi murmushi ba. Ya kwance tsumman ya duba.

"Haƙorin wa ne?"

Sai a lokacin na tsaya na yi tunani. Na ce, "Wallahi ban sani ba."

"To ka ɗauka na wancan ne. Katin ga na kare ne, ba naka ba. Tashi yanzu ka wuce Sakkwato, can na tabbata akwai allurar mutane. In ciwon ga ya nuna a jikin mutum, ba a dawowa."

Ban san yadda na isa tasha ba. A cikin motar ina ta kallon hannuna kamar na wani. A asibiti aka yi mini allurai, aka rubuta mini ranakun da za ni dawo, na zauna gidan kawuna har na cika su. Shi kuma abokina ya je ƙauye ya ƙara wa karen wata allura, ya ce a bar shi a ɗaure wata ɗaya da rabi.

Da na dawo gida ne tsoron ya zauna sosai. Na ji an ce alamar farko mutum ya ji ba ya iya haɗiye ruwa. Sai na mai da kaina ma'auni. In na ji maƙogwarona ya bushe, kuma a bazarar Gobir wa maƙogwaronsa bai bushe ba, sai in tashi in ɗebi moɗa guda in shanye ina sauraren yadda yake wucewa. Bayan ɗan lokaci in ce anya wancan ya wuce daidai, in sake. Ran nan mahaifiyata ta kama ni a karo na ban san nawa ba, ta ce, "Kai, in haukan kare bai kashe ka ba, ƙishirwa za ta kashe ni. Ka san awa nawa na yi a bakin rijiya?" Ta faɗa da wasa, amma na lura ita ma duk sanda na kai moɗa baki sai ta bar abin da take yi ta zuba mini ido.

Kowace safiya in tura wa karen kaskon ruwa da doguwar sanda, in tsuguna daga nesa ina kallon harshensa. In ya sha, in samu numfashin yinin.

Wajen sati uku da faruwar abin, jakin maƙwabcinmu ya canza. Kukansa ya dushe, ya fara cizon turkensa, daga baya ya koma cizon ƙafarsa har ƙashi ya fito. Na je na gani, da ban je ba. Aka kashe shi aka binne da zurfi. A hanyar dawowa kowa sai satar kallon hannuna yake.

Kashegari karena ya ƙi cin abinci. Na tura masa kasko, ya kalla ya kawar da kai. Kafin azahar labari ya zaga. Maƙwabcin nan mai jaki ya zo da bindigarsa ta gargajiya ya zauna a inuwar katanga. Ni ma na zauna. Na roƙe shi ya ba ni zuwa la'asar. A raina kuwa lissafi nake: idan allura ba ta riƙe kare ba, me zai sa tawa ta riƙe ni? Zafi ya yi ta dukanmu, mu uku. Aka kira la'asar, muka yi salla a wurin da taimama, don ba mai son ɗaga ido daga gindin aduwar.

Muna sallamewa iska ta ɗan motsa. Karen ya miƙe, ya yi miƙa, ya je ga kaskon ya sa baki. Ƙarar lasar ruwan nan, ban taɓa jin sauti mai daɗinta ba. Ya shanye, ya cinye tuwon da ya bushe, ya koma ya kwanta. Maƙwabcina ya saɓa bindigarsa ya ce, "Zafi ne."

Kwanaki suka cika, abokina ya zo ya duba shi ya kwance sarƙar da hannunsa. Karen ya rayu shekaru bayan nan, tsufa ya kashe shi. Ni ma ga ni.

Yanzu a gari nake zaune, kuma yarana sun dame ni in sayo musu kare. Kwanaki har na je wani ofishin inshora na zauna na yi ta tambaya: me suke ɗauka, me ba sa ɗauka, sai bayan kwana nawa take fara aiki, idan ya ciji ɗan maƙwabci fa. Yarinyar da ke teburin ta ce ba ta taɓa ganin mai tambaya irina ba, wane irin kare ne da ni haka. Na ce mata babu tukuna. Duk mai son ajiye kare, shawarata ya yi waɗannan tambayoyin tun lafiya lau, ya kuma fara da allura kafin takarda. Amma ni na san takarda ba ta cire abin da ke cikin ƙirji. Takardun suna cikin aljihun mota, na cika su har da sa hannu. Layin sunan kare ne kawai ya rage, kuma duk sanda yaran suka tambaya, sai in ce musu a bari damina ta faɗi.