Papa Firmin, Mai Yanka Takalmi Biyu Ya Fitar da Ɗaya

Kafin ƙarfe bakwai na safe Papa Firmin Gbadoua ya riga ya turo kekensa daga unguwar Lakouanga, akwatin kayan aiki ɗaure a baya, ya jingine shi a gindin mangwaron da ke ƙofar filin ƙwallon kwando. Zai sayi makara biyu, wato fanken garinmu, a wurin Mama Honorine mai tuya, ya sha kofinsa a tsaye, sannan ya jawo bencinsa daidai jikin shingen waya, inda ake ganin filin tun daga wannan kwando har wancan. Ba ƙwallo yake kallo ba. Ana iya tashi daga wasa bai san wanda ya ci ba. Ƙafafu yake kallo, tun yana ɗan shekara goma sha bakwai, ga shi yau yana neman saba'in.

Mu mutanen Bangui ba ma gajiya da labarin ƙungiyarmu ta ƙasa, kuma ba za mu gaji ba. Mun ɗaga kofin Afirka a nan gida a 1974, muka sake ɗauko shi daga Tunis a 1987, shekara ta zagayo muka je gasar Olamfik a Seoul. Duk wanda ya raina ƙasar nan ya je ya duba. Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kowa hoton zakaru yake nunawa, ba mai tambayar abin da ɗan wasa ya sa a ƙafarsa kafin ya kai matsayin da za a ɗauke shi hoto. Je ka kasuwar Kilomita Biyar ka ce kana neman takalmi lamba arba'in da tara. Dariya za a yi maka, mai rumfa ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga ƙafa.

A nan aikin Papa Firmin yake. Yakan sayo takalman gwanjo ƙafa biyu iri ɗaya, ya yanke gaban wannan, ya yanke bayan wancan, ya haɗa su, ya buɗa gefe da fata, ya shimfiɗa musu robar taya a ƙasa, ya ɗinke da basilla. Mutane da yawa sun gwada kwaikwayonsa, takalminsu ya rabu biyu tun ba a je hutun rabin lokaci ba. Sirrin a wurin haɗin yake. Kada ɗinki ya faɗo inda ƙafa ke lanƙwasawa, kuma inda ƙafar kowa ke lanƙwasawa daban ne. Wani da yatsu yake dira, wani da gefen ƙafa, wani kuwa jan hagu yake yi in zai juya. Shi ya sa tsohon ba ya taɓa wuƙa sai ya ga mutum ya yi gudu.

Aristide, wanda ya daɗe yana tsare wa ƙungiyar ƙasa ƙarƙashin kwando kafin gwiwa ta zaunar da shi, har gobe yana ba da nasa labarin. Daga Berbérati ya zo da silifa, dugadugansa na jan ƙasa. Koci ya dube shi sama da ƙasa, ya ce tsayi dai akwai, amma simintin nan ba ya wasa da tafin ƙafa, ko ya zo da takalmi ranar Asabar ko ya nemi motar garinsu. Ya fito idonsa ya yi ja. Papa Firmin bai lallashe shi ba. Cewa ya yi ya cire wannan abin kunyar daga ƙafarsa ya zagaya filin sau goma. Ranar Asabar Aristide ya shiga fili da takalmi gabansa fari bayansa ja, 'yan kallo suna ta tsiya, suna tambaya ko kantuna biyu ya fasa. A ranar aka rubuta sunansa.

Kai ne, Papa Firmin, ƙofar da dogayen ƙasar nan suka bi suna sunkuyawa. Takalmin da ke cikin hotuna ba naka ba ne, mun sani. Naka shi ne na atisaye, na shekarun da ba wanda ya san sunan mutum, na rana da siminti mai zafi. Ba a taɓa kiran sunanka a lasifika ba, ba a taɓa ba ka rigar ƙungiya ko ta tsohon yayi ba.

To, wannan mutumin ne aka nemi a kora a watan Maris. Wani ɗan kwangila, Mesiye Rodrigue, ya ɗauki nauyin gyara filin. Ya yi fenti, ya sa sababbin kwanduna, ba wanda ya ƙi. Sai ya ce mai gyaran takalmi a bakin ƙofa yana ɓata tsari, zamanin faci ya wuce, shi da kansa ya yi odar sababbin takalma ƙafa arba'in daga waje. Sau uku ma'aikatansa na ɗauke bencin su kai bayan fili, sau uku tsohon na jawo abinsa ya dawo. Da Rodrigue ya ga ba zai iya da shi ba, sai ya sa aka rufe shingen wayar da kwano daga kusurwa zuwa kusurwa, aka rubuta sunan kamfaninsa a jiki da manyan baƙaƙe.

Wannan kam ya kama Papa Firmin a inda yake masa ciwo. Wata biyu yana zaune yana fuskantar kwano, yana jin ƙarar ƙwallo da ƙarar ƙafafun da ba ya gani. Mama Honorine ta ce masa ya haƙura ya koma bakin kasuwa, gyaran takalman 'yan makaranta ma abinci ne. Ya ce mata in ya tashi daga nan, to, makabarta za a kai shi. Wallahi duk lokacin da na wuce na gan shi da hannuwansa a kan cinya ba abin yi, raina ɓaci yake yi.

Sai aka kira 'yan wasan gida goma sha shida sansanin ƙungiyar ƙasa, saura kwana tara a yi tafiya gasa a ƙasar waje. Kwalayen takalman da Rodrigue ya yi oda suka iso, aka tara 'yan jarida, aka buɗe. Ashe bawan Allahn nan odar da ya saba yi wa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta kamfaninsa ya maimaita, daga lamba arba'in da ɗaya zuwa arba'in da biyar. Mutum biyar ne kawai ƙafarsu ta shiga, su ma gajerun da ke raba ƙwallo ne. Sauran goma sha ɗaya suka tsaya riƙe da takalma kamar an ba su na ƙannensu. Sabuwar oda kuwa sai ta yi wata shida a hanya, in ma an dace.

Koci Olivier ne ya fara fitowa wurin tsohon, ya yi gaisuwa doguwa. Papa Firmin ya amsa gaisuwa, ya ce wanda ya rufe fili shi zai zo. Can da hantsi sai ga Rodrigue, rigarsa ta jiƙe da gumi, yana murmushin dole.

"Papa, mu manta da abin da ya wuce. Ga kaya can, ka faɗi abin da kake so."

"Ɗana, cire kwanon nan."

"Papa, sunan kamfani ne a jiki. In kawo maka lambar ƙafar kowa a takarda mana."

"Lamba tsawo take faɗa. Ba ta faɗa mini yadda mutum yake dira. Kana so in yanka sabon takalmi da ido a rufe, ɗan mutane ya karye a ƙasar wasu? Ba da hannuna ba."

Rodrigue ya ce to a shigo da shi ciki na kwana tara, a ba shi kujera a inuwa. Tsohon ya ce shi ba baƙo ba ne da za a ba shi kujerar aro, wurinsa ya sani, a nan yake zama. Mutane sun fara taruwa. Aristide, da ya ji labari ya ɗingiso daga gida, ya tsaya a bayan bencin, tsayinsa kawai ya isa magana. Ba a yi azahar ba aka ɓalle falle uku na kwanon, rabin sunan kamfanin ya tafi da su.

Kwana biyu Papa Firmin yana kallon gudu, kwana shida yana yanka yana ɗinki. Sababbin takalma fil, ƙafa ashirin da biyu, ya sa musu wuƙa ba ko gezau, Rodrigue na juya baya don kada ya gani. Duka goma sha ɗayan sun yi tafiya da abin da ya ɗinka. Ba zan ce muku sun ɗauko kofi ba, ba su ɗauko ba. Amma sun je sun dawo ba ɗinki ɗaya da ya saki.

Mun gode, Papa Firmin. Mun gode da taurin kan nan naka da ake yi maka gori a kai, don ba don shi ba da yanzu kana bakin kasuwa kana manna silifa. Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar maka hannunka.

Ku kuma da kuka iya ihu a filin wasa, ku saurara. Idon tsohon nan ya fara ja da baya, sai an zura masa zare a basilla. Wanda ke son ƙungiyar nan da gaske ya je ya zauna a gefensa ya koyi inda ake yankawa tun yana iya nunawa. Ranar Litinin akwai wani dogo da zai zo daga Bouar, lambar ƙafarsa hamsin da biyu, kuma duk faɗin Bangui mutum ɗaya ne zai iya sa masa takalmi.