Abin da Inna Ta Tuna a Gidan Likita

Da damina ne, shekarar da na fara koyarwa a lakwal ɗin Tanda, wato makarantar boko. Zazzaɓi ya daɗe yana cina ina raina shi, har ran kasuwar Gaya na ji ƙasa ta yi laushi a ƙarƙashin ƙafafuna kamar taɓon bakin kogi. Da na buɗe ido sai na ga fanka tana juyawa a hankali bisa kaina. 'Yan kasuwa ne suka kawo ni gidan likita, suka aika wa mahaifiyata, ta hau kabu-kabu ta iso.

Ma'aikaciyar jinyar dattijuwa ce mai sanyin hannu. Ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannuna tana sauraren bugun jini. Ta ɗaura mini abin awon tansiyo, wato hawan jini, a dantse, ya matse, ya saki. Ta sa ma'aunin zafi a hammatata. Ni kuwa ji nake kamar ina kwance cikin kwalekwale, ruwa na tafiya da ni ta gefen shinkafar Tunuga, muryarta na zuwa daga can gaɓa.

"Malam, ka san inda kake? Yaushe ciwon ya fara? Akwai maganin da jikinka ba ya so?"

"Babu," na ce, ina kallon wasu fararen tsuntsaye da ban tabbata suna cikin ɗakin ba.

"Akwai," in ji Inna daga bakin gado. "Yana goye aka yi masa wata allura. Fuskarsa ta kumbura, numfashinsa ya tsaya, har na fara salati."

Dattijuwar ta ajiye kwalbar allurar da ta ɗauko, ta jawo kujera kusa da ita.

"Inna, ba ni labarin a hankali. Don wane ciwo aka yi masa?"

Suka yi ta magana, Hausa na gauraya da Dendi. Ina jin labarin wani jariri da aka ratsa gonakin gero da shi a guje, ina tausayinsa, sai can na gane ni ne.

Aka canza magani, aka sa mini ƙarin ruwa. Da la'asar zufa ta keto mini, bangon ɗakin ya daina lilo. Na tambayi Inna me ya sa ba ta taɓa faɗa mini ba.

"Ka rayu," ta ce. "Me zan tono?"

Ta miƙo mini kunu. Hadari ya haɗu ta wajen kogi, muka zuba ido muna jiran ruwa ya sauko.