Ƙafar Tela da Farantin Kuloci

A shekarar da iskar farkon damina ta yaye rufin shagona a Durumi ta ɗora shi a kan ɗakin mai wanki, a shekarar ce kulocin motata ya ƙare. Ba na mance ta, domin a cikinta na shiga ajin yamma na koyon karatu, 'yar autata tana aji biyar ni ina aji ɗaya.

Ni tela ne. Tun ina saurayi nake taka keken ɗinki na ƙafa, kuma har yau ban yarda da na lantarki ba. Motar tsohuwa ce mai giyar hannu, na saye ta wurin wani ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. Shekara biyu tana kai ni tana dawo da ni ba ta taɓa yi mini gardama ba.

Babbar mai kawo mini aiki ita ce shugabar matan zumunta na wani coci a Tungan Maje. Mama nake ce mata. Shekara goma sha ɗaya ni nake ɗinka musu anko. Ni Musulmi ne, amma na fi wasu mazajensu sanin ranakun taronsu. A wannan karon riga talatin suka ba ni, taro ranar Asabar da safe. Na gama ashirin da biyu sai yadi ya ƙare, don haka ranar Laraba na je karɓo ciko.

Mama ta miƙo mini yadin ta ce, "Ɗana, Asabar fa."

Na ce, "Mama, kin taɓa ganin na saɓa?"

Ta ce, "Ban taɓa ba. Shi ya sa nake gaya wa mutane anya kai tela ne kuwa."

A hanyar dawowa, wajen wani ɗan hawa kafin Zuba, na taka totur, inji ya yi ta kururuwa kamar zai tashi sama, mota kuwa ko mai tafiya a ƙasa ya fi ta sauri. Sai wani ƙauri ya cika ciki, irin na dutsen guga da aka mance a kan riga. Na lallaɓa na gangara gefen titi, inda na hangi motoci biyu a ƙarƙashin wani mangwaro, ashe garejin wani makanike ne.

Makaniken dattijo ne kamata, Bayarabe, ya daɗe a Zuba har Hausa ta zauna a bakinsa, ko da yake a karkace. Ya shiga ya taka kuloci sau biyu, ya shinshina, ya dubi tef ɗin awo da ke wuyana.

"Oga tela, farantin kulocinka ya mutu. Sai an sauke giya."

"Yaushe za a gama?"

"Gobe kafin azahar ka tafi da kayanka."

Na yi dariya na ce, "Oga, da irin wannan muryar nake cewa gobe."

Ya ce, "To ka ga mun san juna."

Na yi lissafi a raina. Idan na karɓi mota ranar Alhamis da azahar, ina da yammacin ranar da Juma'a sukutum, riga takwas ba za su gagare ni ba. Na ɗauki yadin na hau bas na koma gida.

Washegari bayan asuba na ɗinka riga biyu, sannan na kama hanyar Zuba. Za a ce me ya hana ni zama a shago in bar makanike da aikinsa. A garin nan ba a barin mota a gareji a tafi. Kowa yana da labarin wanda ya bar mota da sabon batir ya dawo ya tarar da tsoho. Mai mota zama yake a benci ya zuba ido, ko da bai san sunan ƙarfe ɗaya ba. Ni ma na zauna na zuba nawa.

Aikin ya ba ni sha'awa. Ya ɗaga motar da jak ya tokare ta da gungumen itace, ya cire tayoyin gaba, ya shige ƙarƙashi da sifana. Duk notin da ya kwance sai ya miƙo hannu waje ya ajiye shi a ƙasa. Da ya gama ya kira mai facin taya da ke gefensa, muka taru mu uku muka sauke giyar, nauyinta ya fi na keken ɗinki biyu. Ya zaro tsohon farantin ya nuna mini. Ya suɗe sumul kamar bayan cokali.

Ya ce zai shiga kasuwar kayan mota ya kawo sabo, in kula da wurin.

Bayan ya tafi na dubi ƙasa, raina ya ɓaci. Notuka ne a warwatse cikin rairayi, wani nan wani can, ga awaki suna giftawa. A shagona ko allura ɗaya ba ta kwana a ƙasa. Na buɗe but na ɗauko gwangwanin da nake tara maɓallai, na juye maɓallan a aljihu, na tsince notukan tas. Na goge kowanne da ƙyalle. Dogaye na haɗa su gefe guda, gajeru gefe guda. Na ga wasu zane-zane a ƙasa kamar na wasan yara, na sa takalmi na share, wuri ya yi fes. Na koma benci ina jiran godiya.

Da ya dawo ya tsaya cak da faranti a hannu.

"Ina notina?"

Na miƙa masa gwangwani. Ya leƙa ciki, ya dubi ƙasa, ya dube ni. Ya ɗora hannu a ka ya yi wata doguwar magana da Yarbanci, wadda na gode Allah ban ji ba.

Mai faci ne ya yi mini bayani yana dariya har da hawaye. Ashe da'ira makaniken ya zana a ƙasa, siffar bakin giya, kowane noti yana ajiye daidai ramin da ya fito. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, wani ya fi wani da abin da bai kai faɗin farce ba. Abin da na share rubutunsa ne. Ni da nake shan wahala kullum da yamma kafin in cika layi ɗaya a allo, na san zafin a goge wa mutum.

Na ce, "Oga, ka yi haƙuri, gyara na yi nufi."

Ya ce, "Idan na zo shagonka na haɗa maka hannun rigar Alhaji da wuyan rigar Hajiya, gyara ne?"

Ya sa sabon faranti, muka ɗaga giya, ya shiga gwada notuka ɗaya bayan ɗaya da ka. Wajen la'asar sai muka ji ƙas. Dogon noti ya shiga gajeren rami, ya ƙi gaba, ya karye a ciki. Ya fito daga ƙarƙashin mota ya zauna a ƙasa ya ce sai an sake sauke giya, kuma sai mai walda ya zo ya ciro guntun. Mai walda kuwa ya tafi Gwagwalada, sai gobe.

Ranar Juma'a na ɗinka riga ɗaya da sassafe. Ya kamata in zauna in gama sauran biyar, na sani. Amma kunya ta hana ni barin mutumin da ɓarnar da na yi masa, kuma ya ce aikin awa ɗaya ne. Mai walda ya iso bayan an sauko daga masallaci. Duk lokacin da na miƙe zan tafi sai a ce saura kaɗan, ni kuma in koma benci. Haƙuri halina ne, ranar ya yi mini yawa.

Rana ta kusa faɗuwa aka sauke mota. Makanike ya zauna a gefena muka fita gwaji. Ba mu yi nisa ba na ga yana kallon ƙasa.

"Oga tela, tuƙi kake yi ko ɗinki?"

Na duba. Ƙafata ta hagu tana kan kuloci tana lilo a hankali, gaba da baya, yadda ta saba a kan fedar keke. Shekara biyu ashe haka nake tafe ina ɗinke titunan Abuja ban sani ba.

Ya ce, "Ka sa giya, ka sauke ƙafa ƙasa. In ta ƙi, ka ɗaure ta da tef ɗinka."

Na isa gida ba wuta, idona kuma ba ya ganin zare da fitila. Asabar da asuba na yi ƙoƙari na fitar da riga ɗaya, na loda ashirin da shida a mota. Ta tafi lafiya ƙalau, ƙafata a ƙasa kamar an kafa ta da ƙusa.

Na tarar da matan a harabar coci sun ɗaura zannuwa suna jiran riguna. Aka rarraba, huɗu suka tsaya hannu wofi. Cikin huɗun har da Mama, domin kullum tata nake bari ƙarshe in zauna in yi mata ado a wuya. Na fara ba ta labarin kuloci da notuka, ta saurara har na gama.

Ta ce, "Sannu, ɗana. Motar ta warke?"

Na ce ta warke.

Ta ce, "Madalla. Ranar Litinin zan aiko a karɓi sauran yadin."

Ta shiga gaban sahu da tsohuwar rigar bara, sauran mata suka bi ta da sababbi. Har yau muna gaisawa, tana tambayar iyali, amma anko wani tela a Zuba yake ɗinka musu.

Abin da na rasa a wannan makon: farantin kuloci ɗaya, noti ɗaya, kwana uku na aiki, darasi biyu a ajin yamma, maɓallai rabin gwangwani da suka zube ta hujin aljihu, da aikin mata talatin na Tungan Maje.