Ranar da Hilkka Ta Koya wa Ƙanenta Tada Tarakta

A ƙauyen Kuikkala, can arewacin duniya, idan sanyi ya kai inda itatuwa ke tsagewa a daji kamar ana harbi, injuna duk shiru suke yi. Motar mai kai wasiƙu ta ƙi tashi, ta malamin makaranta ta ƙi. Sai can wajen hantsi a ji wani tari mai nauyi daga bayan tudu, ya tsaya, ya sake, sannan ya miƙe ya zama gurnani. Mata su ɗaga labule su ce, "Hilkka ta tada Tsohuwa."

Tsohuwa tarakta ce. A da ja ce, yanzu launinta ya koma na busasshen ganye. Mahaifin Hilkka ya saye ta shekarar da Hilkka ta cika sha tara, ya sa sunan ɗansa Urpo a takarda, don a lokacin ba a rubuta sunan 'ya mace a kan inji. Amma Urpo bai gaji ƙaunar baƙin mai ba. Ya kama aikin ofis a kamfanin katako, ya yi aure, ya gina gida a bakin babban titi. Hilkka ce ta zauna a tsohon gidan da ke ƙarshen wata 'yar hanya mai tsawon kilomita biyu cikin daji, ita da shanu tara.

Duk rayuwarta a kan wannan hanya ta rataya. Tankar madara tana zuwa kwana bibbiyu, kuma in dusar ƙanƙara ta toshe hanya direba ba ya shiga. Ba tarakta, ba hanya. Ba hanya, ba amfanin tatsa. Don haka tun daga watan Nuwamba Hilkka take renon Tsohuwa kamar majinyaciya. Da yamma ta zubar da ruwan lagireto don kada ya daskare ya fasa inji, ta cire batir ta kai shi ɗaki. An taɓa neman aurenta. Mutumin ya shigo ya tarar da batir a lulluɓe da bargo a kan kujerar da ta fi kusa da murhu, shi kuma aka nuna masa ta bakin ƙofa. Bai sake dawowa ba, ita ma ba ta tambayi dalili ba.

Tana da shekara sittin da uku, wata safiya ta Fabrairu, ma'aunin sanyin da ke jikin taga ya nuna talatin da shida ƙasa da sifiri. Kwana biyu kafin nan an zuba ƙanƙara har gwiwa. Ta gama tatsa ke nan ta hango mutum yana tahowa a kan katakan zamiya da ake ɗaurawa a ƙafa don tafiya a kan ƙanƙara, gemunsa ya yi fari fat. Urpo ne.

"Wa ya mutu?" ta ce tun daga bakin ƙofa.

"Haba Yaya, ba wanda ya mutu. Ga burodi mai zaƙi, matata ta gasa miki."

"To ita ce ke shirin mutuwa. Shigo kafin hancinka ya faɗi. Kai da ko da bazara sai ka leƙa sama sau uku kafin ka fito."

Ya zauna ya sha kofi, yana juya kofin a hannu, yana kallon ko'ina ban da ita. Can ya ce, "So nake ki koya mini tada Tsohuwa."

"Yau? Ka duba tagar nan kuwa? Tanka sai gobe, kuma an ce gobe sanyin zai sassauta."

"Ai shi ya sa. Ranar da ta fi wuya nake so in gani. Mun tsufa, Yaya. In kika kwanta ciwo, wa zai buɗe miki hanya?"

Hilkka ta juya ta fuskanci murhu, ta shiga tona wuta alhali wutar ba ta bukata. Shekara arba'in da huɗu tana jiran wani daga cikin jininta ya yi mata wannan tambaya. Ba ta so ya ga fuskarta.

"Ɗauki butocin ruwan zafin nan biyu," ta ce. "In ka zubar, kai zan dafa."

A rumfar da tarakta ke kwana, sanyi ya taru kamar ruwa a rijiya. Numfashinsu ya tsaya a iska bai tafi ko'ina ba. Hilkka ta kwashe garwashi a tsohon kasko, ta kwanta rigingine a ƙasa, ta tura kaskon ƙarƙashin inji, daidai inda baƙin mai ya yi kauri kamar zuma. Ta ja tamfol ta rufe, ta bar 'yar kafa.

"Garwashi, ba harshen wuta ba. Ka ji? Wani a ƙauyen gaba ya sa harshen wuta, yanzu ba shi da tarakta, ba shi da gira."

Urpo ya yi dariya, irin dariyarsa ta ƙuruciya, zuciyarta ta yi ɗumi fiye da kaskon.

Ta nuna masa yadda ake zuba ruwan zafi a lagireto sannu a hankali, don ƙarfen da ya kwana cikin sanyi ba ya son a firgita shi. Ta kwance matacin mai ta nuna masa yadda dizal ya yi gudaji-gudaji kamar man shanu, ta dumama shi a cikin rigarta, a jikin fatarta, ta tsiyaya kananzir kaɗan a tanki. Sannan suka tsaya suna jira. Wannan ne babban sirrin, kuma shi ne mutane ba sa iyawa.

"Har yaushe?" in ji Urpo, yana duba agogo.

"Sai ta ce."

"Magana take yi?"

"Da masu hankali. Me ya haɗa ka da agogo yau? Ɗaurin aure za ka?"

Ya ja hannun riga ya rufe agogon. Ta cire safar hannu ta ɗora tafinta a gefen inji, ta rufe ido. Bayan wani lokaci ta aike shi ya ɗauko batir daga ɗaki a guje. Ta ɗaura shi, ta hau, ta murɗa makulli. Inji ya juya sau ɗaya da ƙyar, kamar mai barci da aka taɓa. Ta saki. Ta ƙirga ashirin a zuciya. Ta sake. A karo na uku Tsohuwa ta yi tari, ta tofar da farin hayaƙi, rumfa ta girgiza, ƙanƙarar rufi ta zubo musu a ka. Hayaƙin ya koma baƙi, sannan shuɗi, ya miƙe sama tsaye kamar ginshiƙi.

"Ka gani, malamin ofis?" ta yi ihu.

"Na gani, Yaya! Tunda ta tashi, mu buɗe hanyar har titi mana."

Ta sauke garmar ture ƙanƙara. Urpo ya tsaya a kan ƙarfen baya, ya dafa kafaɗarta kamar yadda yake yi yana yaro. Rana ta leƙo ƙasa-ƙasa tsakanin itatuwa, ja kamar garwashin da suka baro, ƙanƙara tana tashi gefe da gefe tana ƙyalli. Hilkka ba mai waƙa ba ce, amma ranar ta yi. Tana tuƙi tana tsara abin da za ta nuna masa mako mai zuwa: yadda ake sa sarƙa a taya, da kwanar da ke yaudarar mutum kusa da rafi.

Da suka sha kwanar ƙarshe ta hango babbar mota a bakin titi, an sauke mata katakan hawa biyu a baya. Wani mutum mai hular gashi yana tsalle-tsalle a gefe don jin ɗumi. Da ya ga tarakta sai ya washe baki.

"Kai! Ga ta da ƙafarta, a wannan sanyi! Urpo, ba ka yi ƙarya ba." Ya zagaya taraktar yana shafa ta. "Ina da irinta shida a gida, duk a ɗaki mai ɗumi. Wannan in na yi mata fenti, sai ranar baje koli za ta fito. Hutu ya zo miki, tsohuwar gari."

Hannun da ke kafaɗar Hilkka ya janye.

Ba ta kashe inji ba. Ta juyo a kan kujera ta dubi ƙanenta, ta daɗe tana dubansa.

"Yaya, ki saurare ni," ya ce. "Mun sayar da gida, za mu koma kudu wurin 'yarmu. In na tafi wa ke gare ki a nan? Muddin wannan abin yana tashi ba za ki bar dajin nan ba, sai an tsince ki a ƙarƙashinsa kin daskare. Sunana ke kan takardarta, na sayar masa da ita. Don ke na yi. Akwai ɗakunan tsofaffi a birnin Kajaani, na riga na yi magana."

"Ka ce in koya maka."

"Da na faɗa miki gaskiya za ki tada ta?"

"A'a."

"To kin gani."

"Na kwanta a ƙasa, Urpo. Na sa ƙarfe a jikina. Kana tsaye kana dariya."

Ya sunkuyar da kai. Mai hular gashi, wanda bai ji abin da suke faɗa ba saboda ƙarar inji, ya matso ya ce, "Baiwar Allah, ko za ki hau da ita? Katakan akwai santsi, kuma na ga ke ta sani."

Hilkka ta cire giya, ta ja birki, ta sauko a hankali, don gwiwoyinta sun sandare. Ta wuce ta tsakaninsu, ta kama hanyar da ta buɗe da hannunta, fara, shimfiɗaɗɗiya, ba sawun kowa a kai sai na taya.

Ranar Alhamis aka sake zuba ƙanƙara. Ta fita da shebur tun da safe, zuwa yamma ba ta ci rabin rabin hanya ba. Ta gwada jan garewanin madara a kan amalanken ƙanƙara, biyu-biyu, har titi. Direban tanka, Pentti, ya jira ta sau uku, a na huɗu ya ce, "Inna, in na ƙara jira za a kore ni." Ta ce ta sani. Mako biyu tana tatsa tana zubarwa a bayan garke, madarar tana daskarewa tudu a kan tudu. A farkon Maris motar mahauta ta zo bakin titi, ta koro shanun tara da kanta, tana kiran kowace da sunanta.

Yanzu tana hawa na biyu a Kajaani, a ɗakin da ɗumi ke fitowa daga bango ba tare da an hura komai ba. Urpo ya zo sau ɗaya da bazara, riƙe da furanni. Ta buɗe masa ƙofa, ta tambayi lafiyar iyali da yadda hanya take. Sannan ta taka kujera, ta sauko da kofuna masu bakin zinariya daga saman kabad, waɗanda mahaifiyarsu ba ta fitarwa sai malamin coci ko baƙon da ba a sani ba ya zo. Ta wanke ɗaya, ta goge, ta ajiye a gabansa.

Urpo ya dubi kofin. Ya san shi sarai.

"Yaya," ya ce.

"Sukari nawa ake sa wa baƙo?" in ji Hilkka.