Sai-An-Gwada, Maƙwabcin da 'Yata Ta Fifita a Kaina

Kowace safiya, kafin in gama laluben makulli a aljihu, shi ya riga ya buɗe shagonsa. Titi ne kawai tsakaninmu, ƙofa na kallon ƙofa, don haka duk abin da yake yi a idona yake yi. Zai goge teburin aiki da tsumma, ya jera sukundirebobinsa, ya ajiye ɗan farantin da yake zuba ƙananan kusoshi. Sannan ya kunna kwamfutar da ya haɗa jiya, ya kara kunne a jikin akwatinta yana sauraron fanka, kamar likita da ƙirjin mara lafiya.

Sana'armu ɗaya, haɗa kwamfuta ga masu buga gem, wato wasan kwamfuta. Duk layin nan Sai-An-Gwada ake kiransa, domin ko sabon kaya ne fil a leda, in ka tambaye shi ko yana da kyau, amsar da za ka samu ke nan. Ƙarshen watan nan zai rufe shago. Hannunsa ya fara rawa, 'ya'yansa sun matsa masa ya huta. 'Yan layi suka ce ni zan rubuta masa jinjina, tunda na fi kowa ganinsa. Na karɓa, amma mai karatu ya sani tun yanzu, mai kishinsa ne ya riƙe alƙalami.

Shagona ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba. Na sa gilashi, na jera kwamfutoci masu fitilu kala-kala. Samari sukan tsaya su ɗauki hoto a ƙofata, su yaba, sannan su tsallaka titi su zauna a kan tsohon bencinsa.

Kowa yana zuwa masa da sunan katin hoto a baki, wato abin da ke fitar da zanen wasa a allo. Shi kuwa sai ya tambayi wane gem mutum yake bugawa, a kan wane irin allo, daga nan ya fara da abin da babu mai ɗaukarsa hoto: fawa, ɗan akwatin da ke raba wa sauran kayan wuta. Yakan ce mai ƙaramin ƙarfi zai iya haƙura da ƙaramin kati, ya haƙura da akwati mara ado, amma kada ya kuskura ya rage a kan fawa, domin mara inganci in za ta mutu sai ta ja na kusa da ita.

Wani direban tasi ya taɓa kawo masa kwamfuta tana warin ƙuna. A kanta shi da ɗansa suke buga ƙwallo ranar hutunsa, kuma haɗaɗɗiya ya saye ta a wani wuri. Da aka ciro fawar, sakayau take kamar gwangwanin da aka shanye. Direban ya riga ya cire rai. Sai-An-Gwada ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa, ya gano katin da ransa, ya sauya abin da ya ƙone kawai, ya sa fawa ta ƙwarai. Tun daga ranar direban nan bai bar fasinja ya sauka bai ji labarin ba. Ni kaina ya taɓa ɗauka, bai gane ni ba, ya yi ta tallar maƙwabcina har ƙofar gida, ya kuma gargaɗe ni da shagunan gilashi. Na biya shi kuɗin mota, na ce na gode da shawara.

Duk wannan na shanye. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne na 'yata ta fari.

Ta fara aiki a kantin magani, tana kuma shiga gasar gem da ƙawayenta, ta daɗe tana burin kwamfutarta ta kanta. A cikin kusoshina ta yi rarrafe. Na ma ɓoye mata wani babban kati a saman kantar shagona, ina jiran ta buɗe baki. Wata rana da hantsi ina goge gilashi na ga ta sauka daga mota, ta ɗaga mini hannu, ta shige shagonsa.

Ranar ban ci abincin kirki ba. Uwarta ta gama yi mini dariya sannan ta ce yarinyar ta san halina: in ta tambaye ni, mafi tsada zan ɗauko in ba ta kyauta, ita kuwa so take ta mallaki abin da guminta ya saya, kuma tana son wanda zai gaya mata gaskiyar abin da ƙarfinta zai kai.

Ya gaya mata ɗin. Ya zaɓa mata matsakaicin kati na hannu da ya gwada a gabanta, ya hana ta sayen fitilu, ya sa mata fawa mai rarar ƙarfi, yadda in ta samu hali gaba ta sauya kati ba sai ta taɓa ta ba. Ya tattara komai a kwali. Ta ce ya haɗa mata, ya ƙi.

"Kai wa babanki," ya ce mata. "Zaɓen kaya na iya. Amma jera waya a cikin akwati har iska ta wuce ba abin da ya tare ta, duk layin nan babu kamarsa. Ni ma leƙen aikinsa nake yi."

Haka ta shigo gida da kwali a hannu, tana sunkuyar da kai. A kan teburin falo muka haɗa ta, ita tana ɗaura kusoshi, ni ina bin wayoyi. Rabon da mu zauna tare haka tun tana makaranta. Na juya kayan nan ciki da waje ina neman inda ya yi kuskure, ban samu ba. Da allo ya kawo haske ta rungume ni, sannan ta ce, "Baba, kada mu rufe murfin tukuna. Baffa ya ce sai an gwada."

Baffa. A cikin falona.

Kai ne, Yaya Sai-An-Gwada, ka fi ni kwastomomi ban ce komai ba, sannan ka zo ka fi ni sanin abin da 'yata take bukata. Kai ne ka samu damar nuna wa duk layi cewa har jinina ya zaɓe ka, ka mayar mini da ita da girmana a cikin kwali. Da ka yi mini gori ko sau ɗaya, da na samu abin riƙewa na huta. Ka hana ni. Mai kunnen jin ciwon inji, mai korar ciniki in ciniki zai cuci mai saye.

Makon jiya na tsallaka titi. Na same shi yana fama da wata 'yar kusa, hannu na karkarwa, tana zamewa. Na karɓi sukundireban na ɗaura. Ya gyara tabarau ya duba, ya ce na matse ta da yawa. Ya yi gaskiya, na sassauta.

Na gode, Yaya, da bakina da bakin duk wanda ya fita daga shagonka da kwamfutar da ba ta ba shi kunya ba. Allah ya ba hannun nan hutu, ya ƙara maka lafiya. Ku kuma matasan da ke shigowa sana'ar nan, ku je ku zauna a bencinsa kafin wata ya ƙare. Ku koyi tambayar mutum abin da yake bukata kafin ku nuna masa abin da kuke son sayarwa, ku koyi kashe kuɗin mai saye a inda ido ba ya gani.

An ce mai aski ne zai karɓi shagon. Na gan shi, mutumin kirki ne, amma ban ga abin da zan yi kishi da shi a kai ba. Ko ciniki ba zai haɗa mu ba, kaina sanƙo ne.