Robar Keke a Zauren Surukai

Ko ƙasa ta rufe idona ban ce zan manta da wannan yammacin ba. Zamanin mulkin Shugaba Ahidjo ne, ina jami'a ina karanta kimiyyar fizik, ina tafe a unguwar Briqueterie kamar ni na rataye taurari. Akwai yarinyar da nake so kamar in mutu, ita ma ta yarda. Saura yardar babanta, wani dattijon dillalin atamfa a kasuwar Mokolo.

Kawuna ya raka ni gaisuwa, da goro ɗaure a bayan keke. Tun a hanya ya ja mini kunne: "Ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ni zan yi magana."

Da farko na bi. Sai dattijon ya ce, "Yaro, me ake koya muku?"

Wayyo ni! Bakina ya ɓalle. Na ce, "Baba, in manyan taurari suka yi karo, sararin samaniya kansa girgiza yake. Girgizar sai ta kama hanya da saurin haske. To duniyar kuma kullum faɗaɗa take, saboda haka girgizar tana tafe tana miƙewa, tana raunana, kafin ta iso mu ba mai jin ta."

Ya ce, "Ikon Allah." Mai hankali nan zai tsaya. Kawu yana ta zungurina, amma ni na fita na kwanto robar da ta ɗaure goron, na zana mata layi mai lanƙwasa da alli, na miƙa wa surukina gefe ɗaya na robar.

"Riƙe nan, Baba. Wannan ce samaniya."

Bawan Allah, don kara, ya riƙe. Ina ja da baya ina cewa, "Voilà, yauwa! Kun ga tana miƙewa?" Sai robar ta kuɓuce daga hannuna. Fau! A kan hancinsa. Hularsa ta faɗa cikin kwanon kunu, jini ya ɗigo a farar rigarsa. Daga bayan labule na ji salatin mata.

Kawu ya ce, "Tashi mu tafi," bai ko dube ni ba.

Aka dawo mana da goronmu, ko ɗaya ba a taɓa ba. Da na tare yarinyar a bakin famfo, cewa ta yi, "Uban nawa ka ba roba ya riƙe?" Ta ɗauki bokitinta ta wuce. Na yi kuka, wallahi, ba kunya.

Tun ranar na gane: in babba ya tambaye ka me kake karantawa, gaisuwa ce yake yi. Ka ce "Alhamdu lillahi," ka rufe bakinka.