Na Je Neman Makarantar da Ba a Siyasa

Ana sallame asuba muka gangara bakin kogi a garinmu Gaya, ni da ɗan'uwana na Kamba, wanda yake aikin akawu a hayin iyaka, wajen Ingilishi. Kafin rana ta ɗago jirgin fito ya ƙetare da mu Malanbil. Masu tambayata ko goro ne ya kai ni har Dakar, to ga amsarku: makaranta na je dubawa.

Yarona na fari ya gama lakwal, makarantar Faransi, a Yamai, an ba shi bursi, wato kuɗin karatu, ya wuce babbar makarantar Dakar. Uwarsa ta ƙi. Yayanta mushe ne, wato malamin lakwal, siyasa ta sa aka kore shi daga koyarwa, har ya ɗanɗana gidan kaso, tun daga nan ko sunan jam'iyya ba ta son ji. Ɗan'uwana kuwa cewa ya yi a ba shi yaron ya koyi Ingilishi, a nema masa ta Badun, can ba ruwansu da hayaniya. Ni ɗan kasuwa ne, ban taɓa sayen huhun goro a kan maganar dillali ba, sai na zura hannu har ƙasa. Na ce duka biyun sai na gani da idona.

Daga Malanbil kamyo muka hau, babbar motar kaya. Hanyar Kandi, duk wanda ya bi ta da cikakken ciki zai yi da-na-sani. A Paraku doya kamar kyauta, amma busasshen kifin da muke miƙa wa yara a Gaya, nan ciniki ake a kansa kamar na rago. Jirgin ƙasa ya sauke mu Kwatano, mota ta kai mu Ikko, wata ta ƙarasa da mu Badun.

Mun sauka a Sabo, unguwar Hausawa. Kun san al'adarmu ta fatake: ba a ajiye kaya, balle ɗa, a garin da ba ka da mai masauki, wanda zai tsaya maka in wani abu ya taso. Don haka tun ban ga makarantar ba na tambayi mai masaukinmu ko zai riƙe mini yaron.

Ya ce, "Alhaji, da farin ciki. Sai dai makarantar tana bayan gari, cikin shinge. Ɗalibanta ba sa zuwa mana, mu ma ba a barinmu shiga sai da takarda."

Ɗan'uwana ya samo takardar, muka shiga. Gaskiya ta burge ni. Ciyawa kamar an yi mata aski, kowane ɗalibi da ɗakinsa, har da mai gyara masa gado. Wajen cin abinci sai sun ɗora wata baƙar riga mai faɗi, cikin wannan zafi, a zauna da wuƙa da cokali mai yatsu, ba ka jin komai sai ƙarar faranti. Ɗan'uwana sai kallona yake yana murmushi, ka ce shi ya gina ta.

Bayan la'asar na sa shi muka zauna ƙarƙashin itace inda ɗalibai ke hira, yana fassara mini. Ashe siyasa tana nan daram, a hankali kawai ake yin ta, da jarida a hannu da ladabi a baki. Kowa da jam'iyyar yankinsa: ƴan Yamma gefe, ƴan Gabas gefe. Ƴan Arewa kuwa sai ka nema. Da ƙyar muka sami ɗaya, muka gaisa, ya tambaye ni yarona ɗan ina ne. Na ce Gaya.

Ya ce, "Au, ɗan Faransi ke nan."

Ba da mugunta ya faɗa ba, amma ta tsaya mini a rai. Tsakanin Gaya da Kamba fa, mai jaki yakan je ya ci kasuwa ya dawo a yini guda. A nan wajen dai yarona ba shi da gefen da zai zauna.

Ɗan'uwana ya koma bakin aikinsa, ni na koma Kwatano na nemi jirgin teku. Can a cikin kwando ake ɗaga fasinja da ƙugiya a sauke shi cikin kwale-kwale, kamar kayan haja. Ni da aka haifa a bakin kogi na ɗauka na san ruwa. Har muka isa Dakar ruwan shayi kaɗai cikina ya yarda ya riƙe.

Dakar gari ne mai iska da tsada, amma shinkafa da kifinsu ta biya ni wahalar teku. Makarantar tana bakin ruwa, fararen gine-gine, kuma tun ban kai ƙofa ba na ji ta. Bango duk takardu a manne. Ba wanda ya tare ni. A ɗakin cin abinci ɗan Dahome, ɗan Gine, ɗan Sudan, duk a benci ɗaya, ana buga tebur a kan magana guda: a zauna da Faransa ko a rabu. Wani ɗan Damagaram ya ji sallamata, ya ja ni ya zaunar, ya turo mini farantinsa, ya koma gardamarsa da biredi a hannu. Da na fito na ga motar jandarma a tsaye a hayin titi. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro ya kama ni.

Mai masaukina tsohon bafatake ne, ya daɗe a garin. Ranar Juma'a na ga zaurensa cike da yaran ƙasarmu, sun zo daga makaranta cin tuwo, yana kiran kowa da sunan ubansa. Na gabatar masa da buƙatata.

Ya ce, "Kawo shi, Alhaji. Bakinsa dai ba zan iya riƙe maka ba. Amma duk inda yake ƙafata za ta kai."

Na bi hanyar da na zo na dawo. Jirgin fito yana matsowa gaɓar Gaya na hangi taro a inuwa, masunta da ƴan dako, wani saurayi a tsakiya yana juya musu jarida da Hausa da Dandanci, yaren mutanen kogin, yana ƙara nasa gishirin. Yarona ne. Na sha tekun nan duka don in tsare shi daga abin da ya riga ya iya a ƙofar gida. Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: makarantar da ba a siyasa babu ita a wannan zamani, sai dai wata tana yi da raɗa, wata da ihu.

Bayan magariba na zayyana wa mutanen gida komai, ban rage ba. Uwar yaron tana bayan mata. Tun da ta haife shi ba ta taɓa yin zancensa a gaban jama'a ba, kunyar ɗan fari. Ranar sai ga muryarta.

"Malam, in aka kulle shi, a wane garin ne za a kai masa abinci?"

Na ce, "Dakar."

Sai ta ce, "To, a faɗa wa yaron nan ya fito da tufafinsa a wanke kafin tafiya."